Maganin Ƙarfen da Yaya Ya Shanye Shi Kaɗai

Mai aro ya aiko an karɓi kayansa, ba mu da ta cewa. Daga gare shi muke, gare shi za mu koma. Yayana, wanda na sha ragowar nononsa, ya cika ranar wata Laraba da hantsi, an gama kai damman gero rumbu, a kaka ta farko da aka ga hatsi bayan fari na biyu. Allah ya jiƙansa. Allah ya sa kwanciya hutawa ce, don a ƙarshen ransa kwanciya ba ta zame masa hutu ba.

Kafin rana ta raba tsaka garinmu ya cika. Na Gangara sun zo bisa jakuna da amalanke. Na Belbeji sun sauka daga kamiyo, babbar motar kasuwa. Buzaye sun durƙusar da raƙuma bayan danga, Fulani sun jingine sanduna a gindin aduwa. Na zauna a ƙofar ɗakinsa, ni da matarsa, muna amsa gaisuwa. Wasu sun yi kuka na gaske, ban ɗauke musu ba. Wata tsohuwar Buzuwa ta zo ta kama ƙafata, hawaye na bin shuɗin fuskarta, ta tashi ta tafi. Wannan ta zo ta'aziyya.

Amma akwai waɗanda baki ke gaisuwa, ido na yawo. Ido ya hau tsaiko, ido ya leƙa ƙarƙashin gado, ido ya zagaya bayan randa. Wani ƙato da Yaya ya ba magani tun yana saurayi ya durƙusa gabana, ya ce, "Sannu da haƙuri, Inna. Allah ya jiƙan Sarkin Tauri. Mutum ne. Sai dai, to, ba a faɗin laifin mamaci."

Na ce, "To kada a faɗa."

Ya gyara zama, ya rage murya. "Inna, goran nan fa? Ko ya bar wasiyya a kansa?"

Gawa tana cikin ɗaki, ba a ko ɗora ruwan wanka ba. Na dube shi, na kau da kai. Kashegari kuma, muna wajen dafa abincin baƙi da rana tsaka, aka shiga ɗakin mamacin aka tone daɓe, kusurwa zuwa kusurwa, kamar gafiya ta kwana ciki. A bakin rijiya kuwa abin da ake faɗa ɗaya ne: ya samu maganin bindiga, ya shanye shi kaɗai, ya hana jama'a, har ya hana ɗan da ya goya.

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, allo ma ban yi nisa ba. Amma ina da ido, ina da hanci, kuma ni na yi jinyarsa. Shi ya sa na ce a zauna a ji, kada a binne mutumin nan sau biyu, sau ɗaya da ƙasa, sau ɗaya da ƙarya.

Yaya sarkin tauri ne na wannan yanki, gadon kakanmu na wajen uba. Shi ke ba da maganin ƙarfe, wanda in mutum ya sha wuƙa ba ta cinsa. Da kaka, in an buga gangar tauri, ka gan shi tsakiyar fili, gajere, mai faɗin ƙirji, yana goga wuƙa a ciki kamar mai yankan tuwo, wuƙar ta lanƙwashe, ya jefar yana dariya da giɓinsa. A gida kuwa ba ka ce shi ba ne. Ba ya cin tuwo da zafi, sai ya ajiye ya huce har kaji sun fara leƙe. Kowa "mai gida" yake ce masa, yaro da babba, har jakinsa. "Mai gida, matsa in wuce." Doguwar gaisuwa ce ba ya so. In ka kai ga tambayar gajiya ta uku, sai ya ce, "Lafiya lau nake tun da ka fara, kada ka ja mini ciwo."

A fari na farko, wanda ya kashe shanu, mutanen daji suka sauko suka yi sansani bayan gari, ba bisa ba hatsi. Yaya ya hau rumbunsa ya ɗaga murfin ya ajiye ƙasa, ya ce kowace mace ta zo da ƙwaryarta. Matarsa ta ce, "Mu fa, mu ci me?" Ya ce, "Wuƙa ba ta cina, amma kukan yaro yana cina. Ki bar ni." Mun ci ganye da su a ƙarshen shekarar. Tsohuwar da ta kama ƙafata tana cikin masu ƙwarya.

Yana da doka ɗaya a sana'arsa, ita ce dokar kakanmu. Mai magani ba ya ba da abin da bai sha ba. In an kawo sabon sassaƙe ko sabuwar saiwa, shi zai fara sha, daga kaka zuwa kaka, ya ga abin da zai yi masa da zafi da sanyi da damina. Sannan ya ba wani. Yakan ce, "Bakina ƙofar gari ne. Abin da bai bi ta nan ba, ba ya shiga." Kuma asalin maganin ƙarfe, ga wanda bai sani ba, abin da kake tsoro shi ake jiƙa maka. Na wuƙa, da tsatsar tsohuwar wuƙa ake haɗawa. Na mashi, da kankaren bakin mashi. Ka ci shi, ba ya cinka. Haka muka tarar, haka muka yarda.

To, akwai ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa. Tun da aka yaye shi Yaya ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi da shi gidansa. Haka ake yi. Ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba ki kallonsa cikin mutane, ba ki kiransa, in magana ta kama sai ki faɗa wa turmi ko bango, shi kuma ya amsa wa ƙyaure. Yaya ne uwarsa, Yaya ne ubansa. Da fari ya share garken gidan, yaron ya tafi ya shiga soja. Ya dawo hutu cikin kaki, ya zauna gaban kawunsa, ina daga gefe ina tsince wake.

Ya ce, "Kawu, na sha na wuƙa, na sha na mashi. Amma inda nake aiki ba a zuwa da wuƙa."

Yaya ya ce, "Bindiga ba ta jin kirari, mai gida. Ba ni da nata. Wanda ya ce maka yana da shi, maƙaryaci ne."

Ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar ta tsaya masa a wuya kamar ƙaya. Ɗan da ya goya yana inda ake harbi, shi sarkin tauri, hannunsa wayam.

Ana nan, ana nan. A shekarun ne aka buɗe ramukan ma'adini can arewa, bayan Agadas. Geron Damargu shi ke ci da ma'aikatan, kamiyo na ɗauka yana hawa, in zai dawo ya ciko da tarkacen da kamfani ya zubar bayan shingen waya: bututu, guntayen ƙarfe, da gangunan ƙarfe da muke ce wa tano. Kowa na son tanon arewa. Mai kauri ne, ba ya saurin tsatsa. Aka riƙa tara ruwan sha a ciki. Wasu akwai wani zane a jikinsu mai kunne uku, muka ce shaidar kamfani ce, irin wadda Buzu ke ɗora wa raƙuminsa. Babu wanda ya zo ya ce mana ga abin da zanen ke nufi. Ko ɗaya. A gindin wasu kuma akwai wani gari da ya daskare, rawaya kamar garin ɗorawa.

Muna da wani tsoho a garin da ya yi wa Nasara soja, Sarja ake ce masa, kullum rediyo na rataye a wuyansa kamar laya. Wata rana da la'asar na biyo ta gindin aduwa da tulu a kai, na ji yana ba maza labari.

"Kun san abin da ake haƙa a ramin nan? Iraniyom sunansa. Ana kai shi ƙasashensu a surfa shi kamar hatsi. Tsabar su kunna wutar lantarki da ita, su yi bom. Dusar da ta rage, kuna ce zubarwa suke? Ta fi darma nauyi! Ita manyan ƙasashe ke yi wa harsashi kai yanzu. In ya bugi motar yaƙi, mai ƙarfe kaurin katanga, sai ya shige kamar allura cikin zane, ya kama da wuta."

Wani ya ce, "To mutanen ciki fa, Sarja?"

Ya ce, "Gawayi."

Sai maza suka ɗauki sowa, wani har da tafi. Ƴaƴan wasu mata ne fa suka zama gawayi. Na wuce, ruwan tulu na zubo mini a baya.

Yaya yana cikin masu saurare, bai yi tafi ba. Amma na ga ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke, na kuwa san wannan zanen. Abin da kake tsoro shi ake jiƙa maka. Ga uwar harsashi, a arewacinmu take fita, a gindin tanonmu take kwance. Ba a yi wata ba wani direba ya kawo masa gwangwanin madara cike da garin nan, ya ce a jujin kamfani ya kankaro, mai gadi na kallo bai hana ba. Na ɗaga gwangwanin, ƙarami ne, amma ya ja mini hannu ƙasa. Yaya ya juye shi cikin wani goran duma, ya toshe da tsumma.

Samari suka yi masa caa. Ya ce, "Kun san doka. Ni zan fara."

Kowace safiya ya ɗebo a bakin wuƙa ya kaɗa cikin ruwa ya shanye. Na tambaye shi ɗanɗanonsa. Ya ce, "Auta, kamar ki kwana da ƙusa a baki." Auta yake ce mini har na yi jikoki. Na ce, "Yaya, abin da aka yi don ya ƙone mutum, yaya za a yi ya tsare mutum?" Ya ce, "Wuƙa ma don yanka aka yi ta. Je ki duba miyarki."

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Tuwon da yake jira ya huce, yanzu ya huce ya bushe bai taɓa ba. Zuciyarsa na tashi. Fitsarinsa ya koma kumfa kamar ruwan wanki, daga baya ya ragu sai ɗigo. Da safe fuska ta cika har ido ya shige. Ƙafafu suka yi kamar turmi. Kun san abin da mutanen garin nan suka ce? Suka ce magani ya fara kamawa. Na ga namiji da gemunsa ya durƙusa ya danna ƙaurin Yaya da ɗan yatsa, yatsan ya lotsa, ramin ya tsaya bai taso ba, shi kuwa ya juya ya ce wa na baya, "Kun gani? Jiki na cika. Ƙarfe ne ke zama." Tir. Mutum na ruɓewa a gabansu, su suna lasar baki.

Da damina ta faɗi, numfashi ya fara gagararsa in ya kwanta. Ni da matarsa muka ɗora shi bisa amalanke, yana faɗa, muka kai shi likita a Tanut. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya danna ƙafar, ya ɗaga fitsarin a kwalba ya duba, ya ce, "Baba, me kake sha?" Yaya bai ɓoye ba, ya faɗa masa duka. Mutumin nan ya zauna bisa kujera kamar an tura shi.

Ya ce, "Baba, wannan ba magani ba ne, ƙarfe ne mai guba. Ƙoda ita ce rariyar jiki. Ka yi ta zuba mata ƙarfe har ta toshe. Kuma yana da wata wuta da ido ba ya gani, tana ci a hankali. Zanen nan mai kunne uku, cewa yake a yi nesa."

Yaya ya ce, "Akwai magani?"

"Ka daina sha yau. Zan ba ka abin da zai rage kumburi. Amma abin da ya riga ya lalace, ba ni da allurarsa."

Yaya ya yi dariya, ta farko cikin watanni. "Na gode, mai gida. Ashe kai ma kana faɗin abin da ba ka da shi. Sana'armu ɗaya."

Da muka dawo ya sa aka tara masa ƴan tauri a ƙofar gida. Ya ce, "Na sha, na gani. Garin nan guba ne. Bai bi ta ƙofa ba, ba zai shiga gari ba. Babu wanda zai lasa, ko da raina ko bayan raina. Tanon da ke da rawaya a gindi kuma, ku daina sha a ciki." Suka ce to, to, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin su kai gindin aduwa maganar ta juye. Wai ya ji daɗinsa ne ya hana. Wai ciwon ƙarfin magani ne, in ya wuce shi ke nan, bindiga ta zama sanda. Wai majo yaron Nasara ne, ai ba za su so baƙar fata ya gane sirrin ba.

Na tare Sarja a hanyar kasuwa. Na ce, "Rediyon naka, bai ce komai ba kan cutar abin nan?" Ya gyara igiyar wuyansa ya ce, "To, ya taɓa cewa can ma suna gardama. Wasu likitocinsu na cewa ƙurarsa na cin huhu da ƙoda, manyan soja na cewa ba komai."

"Me ya hana ka faɗa a gindin aduwa?"

"Ai ba wannan aka tambaye ni ba. Kuma ke, mata ba su shiga zancen yaƙi."

Na tofar da miyau a gefen takalminsa na wuce. Labarin gawayi ya fi daɗin faɗa, shi ke nan.

Sauran garin ya zame wa Yaya kaya. Fiye da rabin gora ya rage. Ya ce in ya zuba a gona, gero zai sha. In ya zuba a ruwa, bisashe za su sha. In ya ƙone, hayaƙi zai shiga ƙirjin yara. In ya binne kusa, za a tone, shi kuwa ba shi da ƙafar zuwa nesa, kuma duk namijin da zai aika, a cikinsa zai binne shi. Sai ya ba ni. Na kai shi kangon marigayi mijina, ɗakin da rufinsa ya faɗa, inda ake cewa akwai macizai, na tura shi cikin fasasshiyar randa na kife. Babu wanda ya yi zaton tsohuwa. Shekaru yana nan, ni kaɗai na sani, kullum na wuce kangon sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sojan nan. Duk hutun da ya zo, maganar ɗaya ce. Shi kuwa Yaya, da ya ji ƙarar motar da ta kawo shi, sai ya sa a tashe shi zaune, a zura masa babbar riga, a naɗa masa rawani har haɓa, a rufe ƙafafu da bargo, a turara ɗakin. Yaron bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashi ba. Zuwansa na ƙarshe, an ƙara masa girma ya zama kapural, an ce za a tura su bakin iyaka inda ake ta da hankali. Ina tsakar gida ina daka, ina jin su.

"Kawu, ka raine ni ne don harsashi ya ci?"

"Na raine ka don ka binne ni, mai gida. Ba don in binne ka ba."

"Kowa ya san ka samu. Tsinke ɗaya nake roƙo. Ko ba ɗanka ba ne ni?"

"Don kai na sha shi. Don kai kuma na hana."

"Zancen banza ke nan, Kawu! Ka shanye kai kaɗai!"

Bai taɓa ɗaga wa kawunsa murya ba sai ran nan. Ya fito ya wuce ni kamar iska, ya tsaya a bakin zaure ya ce wa ƙyaure, "Duk inda yake zan same shi. In ba a ba ni da rai ba, gado zai ba ni." Ni uwa ce, taɓarya na hannuna, bakina cike da magana, al'ada ta ɗaure mini harshe. Na ce wa turmi, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan abin da na iya.

Na shiga wurin Yaya a fusace. Na ce, "Ka buɗe masa ya gani! Wane irin girman kai ne wannan? Yaro zai kashe kansa kana naɗa rawani!" Mun yi faɗa irin wanda ba mu yi ba tun muna ƙanana. Ya bari na gama, yana haki. Sannan ya ce, "Auta, kawu ba ya tuɓe riga gaban ɗa. Sarkin tauri kuma ba ya cewa wayyo. Da raina ba zan iya ba, kada ki tilasta mini. Amma in na mutu, jikin ba nawa ba ne. Kira mini liman."

Liman ya zo. Yaya ya ce, "Wasiyyata guda ce. Ɗan ƙanwata shi zai wanke ni, da hannunsa, kana gefe kana nuna masa. In yana nesa a aika, a jira." Allah kuwa ya yi ikonsa, ranar da ya cika yaron yana bariki a Damagaram ba a kai ga tura su ba, aka buga waya, ya iso kafin la'asar. Ya shigo fuska a ɗaure, bai yi kuka ba, idonsa shi ma sai da ya hau tsaiko. Na gani. Ɗana ne, amma na gani.

Suka shiga shi da liman, aka saki labule.

Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, har abada. Ban tambaye shi ba, bai faɗa ba. Amma ni ce na yi shekaru ina juya jikin nan, na san abin da ke ƙarƙashin babbar riga. Ƙirjin da ya lanƙwasa wuƙa ya koma kwandon ƙashi. Ƙafafu sun tsage suna tsatsafar ruwa. Bayan duk ya sassaɓe da susa. Fatar da ƙarfe bai taɓa ci ba, in ka goga tsumma da ƙarfi sai ta biyo tsumman. Ga warin da turare ke rufewa. Ba zan ƙara ba, yayana ne.

Sun daɗe a ciki. Da ya fito, hannun rigarsa a jiƙe har kafaɗa, ya zagaya bayan ɗaki, na ji yana amai. Gani ya kori ji.

Bayan an yi sadakar uku, baƙi sun ragu, ina zaune tsakar gida da safe, ya zo ya tsuguna nesa da ni, ya juya wa ƙyaure fuska. Ya ce, "A tambayi mai ɗakin nan, ko ta san inda abin yake."

Na ce wa turmi, "A tambayi mai tambaya, me za a yi da shi."

Ya ce, "Rami. Inda ba ruwa, ba ciyawa, ba hanya."

Na tashi na nufi kango.

Ya ari raƙumi, ya ɗaura tano biyu na gidan Yaya bayan ya fasa gindinsu da diga don kada su sake riƙe ruwa. Goran kuma ya sa shi cikin akwatin ƙarfe na soja. Na hau jaki na bi shi, don na ce sai idona ya gani. Muka yi arewa har rana ta take, zuwa wani fako mai baƙaƙen duwatsu inda ko akuya ba ta tsayawa. Ya ɗaure hanci da rawanin kawunsa, ya yi ta haƙa har ramin ya wuce tsayinsa. Da ya zura tano biyun da akwatin, sai ya ce wa raƙumi, "A bariki wani ya gaya mini, wannan ba shi ne na kan harsashi ba. Uwarsa ce. Sai an kai can an tace." Na ce wa jaki, "Kunama da uwar kunama, wa ke zaɓe?" Ya mai da ƙasa, ya jera duwatsu, ya watsa tsakuwa har wurin ya saje. Sannan ya zauna bisa dutse ya kife kai, kafaɗunsa na rawa. A wurin nan, babu kowa sai Allah da raƙumi da jaki, na kira sunansa. Sau ɗaya. Ba zan sake ba.

Ya tafi bakin iyaka da layar Alƙur'ani da addu'a, ya dawo da ƙafafunsa. Ƴaƴansa ne ke ɗebo mini ruwa yanzu, a randar ƙasa.

Amma kada ku ce gari ya hankalta. Har yau akwai gidajen da ke sha a tanon mai kunne uku, in ka yi magana a ce ruwansa ya fi sanyi. Har yau kamiyo na saukowa da tarkace, babu mai tsayar da shi. Sarja na nan gindin aduwa yana ƙone mutane da baki, ana tafi. Waɗanda suka haƙo abin nan daga ƙasarmu, suka kwashe tsabar, suka ƙera mutuwa da dusar, suka bar mana juji ba tare da sun aiko ko mai shela ba, ban san sunayensu ba, ban san fuskokinsu ba. Allah ya san su. Na bar su da shi.

Ku kuwa da kuka tone ɗakin mamaci, na ji abin da kuke faɗa a bakin rijiya. Kun ce ya shanye shi kaɗai. Wannan kam kun yi gaskiya. Shi kaɗai ya sha, shi kaɗai ya kumbura, shi kaɗai ya ruɓe cikin babbar riga yana amsa gaisuwarku. Ku koma gida ku danna ƙaurin ƴaƴanku da ɗan yatsa. In naman ya taso, ku yi wa yayana Fatiha.